Ranar da Yaya Sabo Ya Yi Gudu da Kaftani

Ko na manta komai a duniyar nan, ba zan taɓa mantawa da safiyar Asabar ɗin da yayana ya cire hula ya kwasa a guje a gaban mutane saboda ni ba. Har yau in na tuna sai in ji kunnena ya ɗauki zafi.

Likita ne ya ce jinina yana hawa, in rage gishiri in riƙa motsa jiki. Maganar gishirin dai har yanzu ba mu daidaita ba, amma motsa jikin na ɗauke shi da zafi. Na shiga wata ƙungiyar masu gudu da ke haɗuwa kowace Asabar bayan asuba a gefen hanyar filin jirgi, ba nisa da gidanmu a unguwar New Bell, cikin Douala. Kusan dukansu ma'aikatan ofis ne irina, amma ni kaɗai ce Bahaushiya, ni kaɗai ce mai hijabi. Kowa da agogonsa na gudu a hannu. Da an gama sai su taru suna nuna wa juna lambobi, ni kuma in koma gefe in yi ta shan ruwan da ba ƙishinsa nake ji ba.

Ban san yadda aka yi maganar ta kai kunnen Yaya Sabo ba (ina zargin Inna). Shi ne babban wanmu, shi ya riƙe gida bayan rasuwar Baba. Atamfa da shadda yake sayarwa a kasuwar Mboppi, kuma an san shi da abu ɗaya: da yatsa biyu yake murza yadi ya gaya maka na gaske ne ko jabu, ba ya kuma sayar da jabu da sunan na gaske. Bokonsa bai wuce aji huɗu ba. Ni ce auta, ni ya tsaya wa har na gama jami'a, ni ce kuma na girma ina gyara masa Faransanci a gaban baƙi. Da ya dawo daga saro kaya a Dubai, bayan ya raba wa kowa tsarabarsa, sai ya miƙo mini wani ɗan kwali.

"Auta, ga naki. An ce irinsa masu gudu ke ɗaurawa. Shago uku na shiga kafin hankalina ya kwanta da wannan."

Na buɗe, agogon gudu ne. Na yi murna, ba ƙarya. Ranar Asabar na isa wurin gudu tun kafin kowa, ina ta gyara hannun riga don a gani.

To, mai horar da mu, wanda kowa ke kira Coach, yana da abu ɗaya da ya sa a gaba, wai shi "cadence", wato yawan takun da mutum ke yi a cikin minti ɗaya. Kullum maganarsa ke nan: a rage faɗin taku, a ƙara yawansa, gwiwa za ta huta. Ya ce mu yi ƙoƙari mu haura ɗari da sittin. Da muka gama, wannan ya nuna ɗari da sittin da takwas, waccan ɗari da saba'in. Ni da na duba nawa sai na ga tamanin da biyu. Coach ya leƙa, ya dube ni, ya ce, "Madame, vous courez ou vous priez?" Wai gudu nake yi ko addu'a. Aka kwashe da dariya, ni ma na taya su, amma a zuciyata abin ya tsaya mini.

Sati uku na yi ina fama da agogon nan. Na ƙara ɗaure maɗaurinsa har ya yi mini shaida a fata. Na kashe na kunna. Na goge manhajarsa daga waya na sake saukewa. Na share bayansa da auduga. A ofis na bar aikin da ake biyana dominsa na zauna ina karanta bayanan Turawa a kan matsalar, har na fara yi wa abokan aikina lacca. Coach ya ce in sauya hannu, na mayar da shi dama: saba'in da tara. Wata rana ma a tsakiyar gudu lambar ta ɓace gaba ɗaya, ina haki kamar zan mutu, agogo yana ganin a tsaye nake. Duk abin da ake gwadawa na gwada, ban da abu ɗaya. Ko sau ɗaya ban kawo a raina cewa matsalar tana iya zama daga gare ni ba. Ni fa mai digiri ce.

Sai wata a cikin ƙungiyar ta ce mini, "Wa ya saya miki? Ai yanzu jabu sun cika ko'ina, wanda bai iya karatu ba sai a ɗora masa." Maganar ta shige ni daidai inda nake so ta shiga.

Ran Laraba da na tashi daga aiki na tare bendskin, ɗan acaɓarmu na Douala, na ce ya kai ni Mboppi. Da na jira Yaya ya dawo gida, da na kira shi gefe, da yanzu ba wannan labarin nake ba ku ba. Amma idona ya rufe. Na same shi a shago, 'yan dako suna sauke dila, ga wasu mata biyu sun baza shadda a kan teburi suna ciniki, ga maƙwabcinsa Alhaji Bala zaune a bakin ƙofa. Ko gaisuwar kirki ban yi ba. Na ajiye agogon a kan shaddar.

"Yaya, wannan abin da ka kawo mini c'est du faux. Jabu ne. An cuce ka, ko kuma dai ka ga mai araha ka ɗauko. In ba ka san abu ba ka riƙa tambaya mana, ba komai ne ake murzawa da yatsa ba."

Ɗaya daga cikin matan ta sake murza shaddar da ke hannunta, ta dubi 'yar'uwarta, ta ce da Pidgin, "Even yi own sista talk say na faux." Wato ƙanwarsa ma da bakinta ta ce jabu yake kawowa. Suka ninke yadin suka ce za su zaga su dawo. Alhaji Bala ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Yaya bai ɗaga murya ba. Ya ɗauki agogon ya jujjuya, ya sa a aljihu.

"Bon, to. A ina kuke gudun, kuma ƙarfe nawa?"

Na gaya masa, na fita ina jin na yi abin kai.

Ranar Asabar muna cikin miƙe ƙafafu sai ga bendskin ya tsaya. Yaya Sabo ya sauko da farin kaftaninsa na masallaci, da hula, da takalmin fata sau-ciki. Mutum ne mai jiki, ya haura hamsin, tun da nake ban taɓa ganin ya yi ko sauri ba. Ya bi kowa ya gaisar da hannu biyu, ya roƙi Coach ya ɗaura masa agogon ya kunna masa wurin da ke ƙirga taku. Sannan ya cire hula ya miƙo mini, ya tattare kaftani ya cusa a wando, ya ce bismillah.

Ya Allah. Tumbi yana gaba, takalmi yana faɗa-faɗa a kan kwalta, 'yan bendskin suna masa oda suna ihu, "Allez, Aladji!", wato "Ci gaba, Alhaji!" Ya je har wajen wata fitilar titi ya juyo. Da ya iso sai da ya dafa gwiwa, gumi ya jiƙa kaftanin sharkaf, ya kasa magana, ya dai miƙa wa Coach hannu. Coach ya duba ya ɗaga murya: ɗari da sittin da biyar. Mutane suka tafa masa.

Da numfashinsa ya dawo, ya kwance agogon ya ɗaura mini da kansa, ya karɓi hularsa.

"Yi naki in gani, Auta."

Na fara gudu. Ban yi taku ashirin ba na ji muryarsa a bayana.

"Tsaya! Wa ya riƙe miki hannun?"

Na tsaya na dubi kaina. Hannuna mai agogo yana manne a ƙirjina, na damƙe hijabi tamau. Ashe haka nake gudu tun ranar farko. Hijabin nawa babba ne, da na fara gudu iska sai ta ɗaga shi, ni kuma ba na so 'yan unguwa su kai wa Inna labari, sai in kama shi a ƙirji. Kuma duk hannun da agogon yake, shi nake kamawa da shi, don in riƙa satar kallon lambar ina tafiya. Shi ya sa ko da na mayar da shi dama ba abin da ya canja. Coach ya dafe kai, ya shiga bayani wai agogon daga lilon hannu yake gane taku, hannun da ba ya motsi ba abin da zai ƙirga. (Sati uku yana gudu a gabanmu, bai taɓa waiwayowa ya dube ni ba, amma ranar shi ne sarkin bayani.)

Yaya ya ce, "Ni dai ban yi boko ba. Amma ko jaririn da aka goya, sai uwar ta motsa yake sanin ana tafiya."

Aka yi dariya har da masu riƙe ciki. Wata ta ba ni fil biyu na maƙale hijabin a kafaɗa, na sake gudu hannuwana a sake. Ɗari da sittin da ɗaya. Ban taɓa ganin lambar da na tsana kamarta ba. Na so ƙasa ta tsage in shige. Kafin in dawo inda suke, Yaya ya sa hularsa ya hau bendskin, wai zai je ya buɗe shago.

Ran Litinin na koma Mboppi, na durƙusa wa Yaya a gaban Alhaji Bala da duk wanda ke wurin, na ce agogo na gaske ne, ni ce ban iya ba, Yaya ya yafe mini. Yaya ya ce, "Haba Auta, tashi, ya wuce." Ya sa aka kawo mini lemo mai sanyi. Matan nan biyu kuwa na tambayi Alhaji Bala, ya ce ba su dawo ba, kuma shekara da shekaru a wurin Yaya suke sayen kayan biki. Ban san gidajensu ba balle in bi su in janye maganata.

Ya ce ya wuce, kuma na san ya yafe. Amma da ya sake tafiya Dubai, ana gobe zai dawo sai ga kiransa.

"Auta, me zan kawo miki? Rubuto mini sunan abin da lambarsa, in nuna wa mai shago. Ke kika san irin kayanku."

Na ce, "Yaya, duk abin da ka zaɓa mini ina so."

Ya yi 'yar dariya ya ce, "A'a, ki dai rubuto."

Tafiya huɗu ke nan ya yi tun daga lokacin. Inna da matarsa da sauran 'yan'uwa kowa sai ya buɗe ƙullinsa yake sanin abin da Yaya ya gano ya tuna da shi. Ni kuwa abin da na rubuta shi ake kawo mini, daidai, ba ragi ba ƙari. Jinina ya sauka, takuna ya daidaita, Coach har misali yake yi da ni. Abin da na koya shi ne, duk ranar da na'ura ta ce na yi kuskure, in fara neman wanda zai tsaya a bayana ya kalli yadda nake yi, tun kafin in nemi bendskin ɗin zuwa Mboppi.