Askin Kazar Kumandan

A shekarar babban fari, lokacin da ganin hular soja kaɗai ke sa mutum ya gyara tsayuwa, ni ne gwanin kaji a Matameye. Ni na naɗa kaina.

Wata safiya direban kumandan ya kawo min kaza a kwali. Ya ce, "Madam za ta Damagaram, ta ce ka kula da ita."

Madam ɗin matar kumandan ce. Na buɗe, sai ga abu kamar tulin auduga, gashi har yatsun ƙafa. Nan take na gano cutar. Na ce wa maƙwabta, "Kumburi ne. Ga zafi ga gashi, ina za ta kai?"

Matata ta ce, "Malam, ko dai haka Allah ya yi ta?"

"Ke dai miƙo almakashi."

Baiwar Allah ko motsi ba ta yi ba, har lumshe ido take. Na yi mata tal, na shafe ta da man kaɗe. Abin da ya rage bai fi kurciya ba, ga fata baƙa wuluk.

Da Madam ta dawo ta ɗora hannu a ka. Ashe don gashin aka sayo kazar tun daga Kano. Kumandan ya dube ni, ya dubi kaza, ni kuwa ina ta kalmar shahada. Sai ya kira soja, ya ce a yi min irin askin da na yi. Gemu ma bai tsira ba.

Har yau in na ratsa kasuwa, masu kaji rungume kajinsu suke: "Wanzami, wuce! Namu lafiyarsu ƙalau!"