Rasuwar Gwaggo, Fankar da Ta Rufa wa Dogo Asiri

Da zuciya cike fal da baƙin ciki, da jiki jiƙe sharkaf da gumi, Dogo direban motar 'yan makaranta yana sanar da 'yan uwa, maƙwabta da abokan sitiyari rasuwar fankarsa ta tsaye, wadda gida da waje aka fi sani da Gwaggo. Ta cika ranar Asabar da rana tsaka, tana bakin aiki, bayan doguwar jinyar wuya.

Marigayiya ta girmi duk 'ya'yan gidan. Tun Dogo yana gwauro ya sayo ta, kuma ba ta taɓa neman komai ba sai ɗigon mai da tsinken ashanar da ake cusa mata a maɓalli. Aibinta ɗaya, in aibi ne, baki. Da an kunna ta sai ta fara, "Ƙaf-ƙaf-ƙaf, gurrr, ƙaf," tana kaɗa kai dama da hagu kamar mai musanta zargi. In tana magana, ko sallamar baƙo ba a ji. Maman yara ta sha cewa a kai ta bola. Dogo ya ce a bar masa tsohuwarsa, ita kuwa ta ce sabo turken wawa.

Ashe baiwar Allah rufin asiri take yi.

Kowace shekara makaranta tana tura direbobinta gwajin lafiya, don ba a ba mai gyangyaɗi amanar 'ya'yan mutane. Abin da ake nema shi ne cutar nan da ke shaƙe mutum cikin barci, numfashi ya ɗauke ya dawo, ya wayi gari kamar wanda aka yi wa dukan tsiya. Nas takan zauna da takardar tambayoyi da aka tsaro a wata ƙasa mai nisa, inda da alama ɗakunan kwana tsit suke, ta riƙa fassara masa.

"Baba, ana jin minsharinka ta bayan ƙofa a rufe?"

"Labule gare mu, 'yata."

Ta rubuta a'a.

"An taɓa cewa numfashinka yana tsayawa in kana barci?"

"Ko da wasa."

Gaskiya ya faɗa, wa zai ji shi a gaban Gwaggo? Ta auna wuyansa, ga shi kamar mariƙin lema, takarda kuwa masu kaurin wuya take farauta. Nan ma a'a.

"To Baba, gajiya fa?"

"Ba gajiya," in ji Dogo, har da ɗan rusunawa, yadda aka koya masa tun yana ƙarami. Wane ɗan mutunci ne za a tambaye shi gajiya ya ce akwai? Shi a zatonsa gaisuwa ce ta zo a makare.

Haka ya yi ta cin jarrabawa yana dawowa gida da fankama. Alhali a danja, in jar wuta ta daɗe, idonsa yakan rufe sai hon na bayansa ya farkar da shi. Ya ce wa kansa tunani yake yi, ya saka giyar mota, yara na waƙa a baya.

A ranar ajali Dogo ya kishingiɗa bayan ya wanke mota, Maman yara tana ninke wanki a gefen gado. Gwaggo ta yi tari, ta ce "ƙaf" sau ɗaya, wuyanta ya langaɓe, ƙaurin waya ya tashi. Ɗaki ya yi shiru irin wanda ba a taɓa yi ba tun da aka kawo amarya. A cikin shirun nan aka ji wani injin daban yana gurnani. Sai shi ma ya tsaya. Ƙirjin Dogo yana ɗagawa, iska ba ta shiga. Hankalin matar ya tashi, ta yar da rigar da ke hannunta ta girgiza shi.

"Baban yara! Numfasa, don girman Allah!"

Ya zabura da wani dogon gwarti. "Ni? Idona biyu. Fanka ce."

"Fankar da ta mutu?"

Ya waiga ya ga gawa. Nan ya yi rashi biyu, na Gwaggo da na hujja.

Da suka je asibiti, likita ya ce takarda tana kama wasu tana sakin wasu, sirara irinsa kuwa sukan sulale mata. Sai an kwantar da shi an liƙa masa wayoyi an ga barcin nasa da ido. Ranar Litinin Dogo ya kai wa shugaban makaranta mukullin mota da hannunsa, kafin kowa ya tambaya. Ya so sitiyarin nan kamar ransa, kuma bai san ko zai dawo hannunsa ba. Washegari da safe ya tsaya a ƙofar gida yana kallon wani direba yana wucewa da yaransa, suna ɗago masa hannu ta taga.

Marigayiya ta bar rediyo mai ciwon maƙogwaro, dutsen guga ƙaninta, soket guda da ya ƙone saboda jimami, da mahucin kwali wanda zai riƙe gida na wucin gadi.

Za a ɗauki gawa ranar Laraba da hantsi zuwa wurin mai sayen tsofaffin ƙarafa. Maigida ba zai samu yin rakiya ba, ranar yana asibiti wurin gwajin barci. Za a karɓi gaisuwa a inuwar ƙofar gida, don ciki ba ya zaunuwa. Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya, don Allah kada kowa ya kawo sabuwar fanka. Maman yara ta ce ta yafe. Ta ce gara zafi ya dafa ta, muddin tana jin numfashin mijinta yana shiga yana fita.