Direban da Ba Ya Waiwaye

"Shekara talatin na yi a jirgin ƙasa! Na gaske fa, mai tarago goma sha biyu, ba wannan abin wasan naku ba. Wannan ai ko ido a rufe sai in yi aikinsa."

Haka Mista Pickersgill ya faɗa ranar da ya shiga ƙungiyar ƙaramin jirgi ta garinmu, da ƙarfin da sai da agwagin tafki suka ɗaga kai. Matarsa Beryl tana gefe. Taɓe baki kawai ta yi, ta gyara riƙon jakarta.

In ba ka taɓa ganin mutumin ba, ka ƙaddara randa ce aka sa wa kwat da gashin baki. Tumbi na gaba, shi yana biye.

Ita kuwa ƙungiyar nan tana da tsarinta. Kan jirgin bai fi tunkiya girma ba, amma wuta ce ta gaske a cikinsa, da kwal da tururi, kuma duk Lahadi 'ya'yan mutane yake ɗauka, su hau taragai kamar an hau benci, a zagaya da su filin shaƙatawa a dawo. Shi ya sa duk sabon shiga sai ya shekara a ɗakin shayi yana wanke kofuna a hannun Goggo Hilda kafin ya taɓa inji. Likita ya yi. Lauya ya yi, har da fasa kofi biyu. Goggo Hilda ba ta raga wa kowa.

"Ni? Wanke-wanke?" in ji Pickersgill. "Wannan hannun?"

Baba Clifford, shugaban ƙungiya, tsoho ne mai sanyin rai. Ya sosa sanƙonsa ya ce, "To ga sharaɗi. Ranar Lahadi ka yi zagaye ɗaya da fasinja. Ka dawo da su tasha yadda ka ɗauke su, hular direba taka ce. In ka kasa, shekara biyu wajen Hilda."

"Uku!" Goggo Hilda ta jefo daga taga.

"Ukun! Ki ma ce goma mana, Uwar Butoci!"

Goggo Hilda ta ci gaba da yanka kek. Dama bayanta ya fara ciwo, tana neman mai taya ta.

Ranar Lahadi Pickersgill, Sarkin Tuƙi, ya yi sammako. Ya zagaya ya duba layin dogo, ya ga ƙarfen ya dusashe, ruwan sama ya sa masa tsatsa. Ya girgiza kai don takaicin ƙazantar mutane. Ya ɗauko gwangwanin man inji da tsumma, ya nufi hawan nan na bayan tafki, inda jama'a ke tsayawa ɗaukar hoto. Ya shafe dogon tas, sai ƙyalli yake.

Goggo Hilda ta hango shi tana shanya tawul.

"Kai, Babban Direba! Me kake shafawa a nan?"

"Kwalliya ce, Goggo. Ke dai tsaya a kan butarki."

Yanzu don Allah, duk macen da mai ya taɓa zube mata a daɓen kicin ta san abin da ke biyo baya, ba sai ta je makaranta ba. Goggo Hilda ta je ta raɗa wa Baba Clifford. Tsohon ya ce, "To ni zan zauna a taragon ƙarshe da kaina, hannuna a kan birki."

Ƙarfe biyu tasha ta cika. Yara sun yi layi, kowa da tikitinsa. Pickersgill ya ɗaga hannu.

"Yara su dakata! Ku ba ni manya, in nuna muku yadda ake jan kaya."

Ya zaɓo mahaucin garin da ƙannensa biyu, kowannensu ya yi nauyin buhu uku. Ya ƙara da limamin coci. Ya ce Beryl ta zauna a taragon farko, ta ga irin mijin da Allah ya ba ta.

Baba Clifford ya ce, "Duba ƙusar da ta haɗa kan jirgi da tarago. Da hannu ake dubawa, doka ce."

Pickersgill ya fara sunkuyawa. Tumbi ya ce bai san zancen ba. Maɓalli ɗaya ya yi tsalle ya faɗa ciyawa. Ya miƙe yana haki.

"Ta zauna. Idona ya gani."

"Kuma ka riƙa waiwayowa kana duba tutata."

"Baba, direban gaske ba ya waiwaye. Gaba ake kallo!"

Ya busa usur har sau biyar, jirgi ya tashi. A miƙaƙƙiyar hanya lafiya lau, har yana ɗaga wa 'yan kallo hannu kamar mai neman ƙuri'a. Sai ga hawa. Ƙafafun jirgi suka taka mai.

Fir-fir-fir! Ƙafafu na juyawa, jirgi na nan inda yake. Hayaƙi ya turnuƙe, toka ta sauka a farar hular Beryl. Liman ya fara addu'a a hankali.

"Direba!" in ji mahauci. "Mu sauka mu tura ne, ko mu jira ka gama rawa?"

"A zauna! Salo ne!"

Ya buɗe tururi har ƙarshe. Jirgi ya ja baya, ya fizga gaba, ya sake ja baya. A fizga ta uku ƙusar nan da idonsa ya gani ta yi sama. Kan jirgi ya ji an sauke masa kaya, ya tsallake man, ya harba kamar zomo.

Baba Clifford ya danne birki, taragai suka tsaya cik. Ya kaɗa jar tuta. Ya busa usur. Mahauci da ƙannensa suka kwarma ihu. Pickersgill ya ji ihun sarai, ya ce a ransa tafi ne ake masa, har ya cire hularsa ya kaɗa a sama. Waiwaye dai babu.

Ya shigo tasha yana busa, ya tsaya daidai kan layi, wannan kam ba a ƙwace masa ba. Ya miƙe ya buɗe murya.

"Jama'a, a sauka a hankali! Mata su fara!"

Goggo Hilda ta fito da tawul a kafaɗa, ta dubi bayansa, ta dube shi.

"Sannu da hanya, direba. Ina mutanen?"

Sannan ne fa ya waiwaya. Babu tarago, babu fasinja, babu mata. Can nesa sai ga mahauci da ƙannensa sun sunkuya suna turo taragai da hannu, liman na taya su, Beryl na gaba riƙe da takalmanta, mai ya ɓata su.

Da suka ƙaraso tasha, Pickersgill ya gyara murya. "Wato, a babban jirgi, irin wannan ƙusar ba a…"

"Desmond, rufe mana baki!" in ji Beryl. Ta juyo ga jama'a. "Shekara talatin ɗin nan gaskiya ce. Keken shayi yake turawa daga tarago zuwa tarago, yana 'shayi ko kofi, ranka ya daɗe'. Kan jirgi kuwa, sai dai in ya hango shi daga tasha."

Dariya ta ɓarke har Baba Clifford sai da ya zauna a kan dogo. Goggo Hilda ce kaɗai ba ta dara ba. Ta kama hannun Sarkin Tuƙi, ta buɗe shi, ta damƙa masa soso da sabulu.

"Madalla, ashe ƙwararre na samu. Shiga, ɗana, kofi ɗari da ashirin na jiranka. Wannan aikin kam na yarda, ko ido a rufe za ka yi shi."