Ranar da Na Kai Ƙarar Kaina Jami'a

Ba zan taɓa mantawa da wannan Talatar ba, kuma ko na so mantawa akwai mutane a unguwarmu Nima, cikin Accra, da ba za su bar ni ba. Ranar ce na kwashi manyan mutane, na sa su tafiyar awa biyar a mota, don kawai su je su ga wautata da idonsu. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, kuma babu wanda zan huce a kansa sai ni.

Ni karatuna na boko a midil ya tsaya. Shekara ashirin da 'yan kai na yi ina tuƙa wani lauya a Accra. Ni ke ɗaukar masa baƙar rigarsa da akwatin hular gashin nan da suke sawa, in raka shi ƙofar kotu, in koma gindin bishiya in jira. Ya shiga ya yi maganar minti goma, a ba shi abin da ba na samu a wata. A gindin bishiyar nan na yi wa kaina alkawari cewa sai wani cikin 'ya'yana ya zauna a kujerar baya ana tuƙa shi. (Mutumin nan kullum yana haɗiyar maganin ciki kamar gyaɗa, kuma duk Juma'a sai ya zagi aikin tun daga kotu har gida. Ina ji da kunnena. Ban taɓa sa wannan a lissafi ba.)

Autarmu Rahinatu ce kaɗai ta gama sakandare da sakamako mai kyau. Da na tambaye ta me za ta karanta, sai ta ce safiyo, wato awon filaye. Tun lokacin da aka zo gina kwata a layinmu take bin masu awon nan tana yi musu tambayoyi.

Na ce, “Na yi ta biyan makaranta ne don ki tsaya a rana kina leƙa ƙarfe mai ƙafa uku?”

Ta ce, “Baba, a garin nan kullum ana faɗa a kan fili. Wanda ya iya awo ba ya rasa aiki. Kuma shi nake so.”

Na ce, “So ɗin za ki ci?”

Uwarta Memuna tana tace gasarar kokon da take sayarwa, ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, “Malam, ka bar yarinyar nan. Ba kai za ka zauna a ajin ba.”

Na ce to, Allah Ya sa alheri. Da baki na faɗa, ban faɗa da zuciya ba.

Yanzu fom ɗin jami'a ba takarda ba ce. Kana zuwa banki ka sayo wata 'yar takarda mai lambobin sirri, ka kai wurin masu kwamfuta a cika. Ni na saya, don haka takardar tana aljihuna. Muka tafi da Rahinatu shagon Alhassan, wani magidanci da ke cika wa mutane fom a bayan kasuwa. Ana zaɓen fanni uku. Ta sa safiyo a farko, ta bi shi da wasu biyu masu kama da shi, tsara gari da lissafin gini. Saura a danna a tura sai wuta ta ɗauke. Alhassan ya ce kada mu damu, komai ya zauna a ciki, gobe a zo a tura. Nan take na ce wa yarinyar, “Ke ki tsaya ki taya uwarki, ni zan biyo in sa a tura.” Har godiya ta yi mini.

Washegari na zauna kusa da Alhassan na ce ya goge na farkon ya sa lauya.

Ya dube ni ya ce, “Baba, yarinya ya sani?” (Haka Hausarsa take, mace da namiji duk ɗaya.)

Na ce, “Ita ta haife ni ko ni na haife ta?”

Ya goge. Sai na ga sauran biyun suna kallona. Na ce a raina in na bar su, can za a jefa ta. Na ce ya sa likita a na biyu, haɗa magani a na uku. In ba ta sa hular gashi ba, ta sa farar riga. Alhassan ya sake cewa, “Baba, waɗannan uku fa ƙofarsu ƙarami ne.” Na ce masa aikinsa danna maɓalli, ba wa'azi ba. Ya tura, ya buga mini kwafi, na ninke na cusa a ƙarƙashin tabarmar motar da nake haya da ita a lokacin. Da Rahinatu ta nemi kwafin na ce tawada ta ƙare a shagon.

Ga inda jahilcina ya fi ba ni haushi. Ni a tunanina sakamako mai kyau kamar lasisin tuƙi ne, in kana da shi kowace mota aka ba ka za ka hau. Ban san kowane fanni da iyakarsa ba, kuma waɗannan ukun da na zaɓa sai wanda ya cinye kowane darasi kaf suke ɗauka. Ban sani ba, kuma ban tambaya ba, don mai tambaya shi ne wanda yake zaton bai sani ba.

Sunayen waɗanda aka ɗauka suka fara fitowa. Ƙawarta ta unguwar Maamobi, wadda sakamakonta bai kai nata ba, ta samu. Rahinatu tana duba waya safe da yamma, shiru. Ta rage cin abinci. Wata rana ta same ni ina wanke mota ta ce, “Baba, ko dai ban isa ba ne?”

Wannan ce damata ta farko ta faɗin gaskiya. Maimakon haka sai na jefar da tsumma na ce, “Ba ke ba ce. Adireshinmu ne. Sun ga Nima a fom sun ture shi gefe.”

Kuma wallahi kafin la'asar na yarda da maganar da kaina. Na kai ta majalisarmu ta ƙofar masallaci, na yi ta zuba. Kowa a wurin yana da labarin ranar da aka mayar da shi baya a wani ofis saboda sunansa ko unguwarsu, labarai na gaskiya, ba ƙage ba. Wannan shi ne abin da ya fi ƙona mini rai yanzu: na ɗauki ciwon mutane na gaske na lulluɓe ɓarnata da shi. Kafin a kira magariba an yanke shawarar a tafi jami'ar da tawaga.

Mu huɗu muka tafi: ni, da Rahinatu, da Malam Bawa na'ibin limaminmu, da Yaya Sulley, wan Memuna, tsohon malamin makaranta wanda tun ranar aurenmu yake kallona kamar jarrabawar da aka ci da kyar. Na sa babbar rigar Sallah. A hanya ina ta bitar Turancin da na tsinta a ƙofar kotu. Yaya Sulley ya tambaye ni sau ɗaya, “Kwafin fom ɗin yana ina?” Na ce tawada. Ya ce, “Hm.”

A ofishin ɗaukar ɗalibai muka tarar da layi, iyaye da yara cike da benci. Ban bi layin ba. Na wuce kai tsaye gaban teburin wata mata mai gilashi da sarƙar gicciye a wuya, na buɗe murya yadda har na bakin ƙofa zai ji. Na ce mu ma 'yan ƙasa ne. Na ce haraji ɗaya muke biya. Na ce zamanin da ake ture 'ya'yan Zongo, wato unguwanni irin tamu, ya wuce, kuma na yi shekara ashirin a harkar shari'a. (A gindin bishiya, amma ban faɗi wannan ba.) Na juya na ce wa Malam Bawa da Hausa, “Dubi fuskarta. Irinsu ne ba sa son ganinmu.”

Matar ta miƙo hannu. Ta karɓi lambar yarinyar, ta danna, ta duba, sannan ta juyo da fuskar kwamfutar wajenmu. Ta ce da Turanci, “'Yata, sakamakonki yana da kyau. Amma me ya sa kika zaɓi waɗannan ukun? Ko ɗaya makinki bai kai ba.”

Rahinatu ta sunkuya ta karanta. Ta sake karantawa. Ta ce, “Ba ni na cika wannan ba. Ni safiyo na sa.”

Matar ta ce, “Da safiyo ne, da tun jerin farko sunanki ya fito.”

Wannan ce damata ta biyu. Kun san me na yi? Na buga teburin matar nan da tafin hannu na ce, “To a nan aka canza. Ku kuka canza.” Malam Bawa, bawan Allah, ya goya mini baya da dukan zuciyarsa, yana cewa ai dama an faɗa. Mutanen benci suka miƙe suna leƙe. Wani mai gadi ya matso.

Matar ta nuna ƙasan fom ɗin ta ce ga ranar da aka tura, ga lokacin, kuma daga nan babu mai iya taɓa shi. Ta ce, “Wa ya tura?”

Na ji idon Yaya Sulley a ƙeyata. Ya ce wa Rahinatu, “Kina da lambar mai shagon?” Ta ba shi. Ya kira, ya buɗe muryar wayar yadda kowa zai ji, ya ɗora wayar a kan teburin, daidai inda na buga. Na yi addu'ar kada a ɗauka. An ɗauka tun ƙara ta biyu.

Alhassan bai san inda muryarsa take fita ba, don haka ya saki jiki. “A'a, Ticha, ni ban yi kuskure ba. Baba da kansa ya zo. Ya ce goge safiyo, sa lauya. Na ce yarinya ya sani? Ya ce shi ya haife shi. Har kwafi na buga masa, ya sa a aljihu.”

Ban taɓa jin nauyin babbar riga kamar ranar ba. Malam Bawa ya cire hularsa ya duba cikinta kamar ya ajiye wani abu a ciki. Wata tsohuwa a benci ta tambayi ɗanta me aka ce, shi kuma ya shiga fassara mata da yaren Twi, a hankali, bai tsallake ko kalma ba. Sai matar mai gilashi ta turo mini kujera, ta ce da Hausa, irin tamu ta cikin lungu, “Baba, zauna ka sha ruwa. Ni ma a Nima aka haife ni.”

Rahinatu ba ta yi kuka ba. Da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta tambayi matar ko akwai gyara. Matar ta ce an rufe, wuraren sun cika, sai baɗi. Yarinyar ta ce ta gode, ta ba ta haƙuri a kan tebur ɗin da aka buga, ta fita.

Awa biyar muka yi a hanyar dawowa. Ba wanda ya yi mini magana sai Yaya Sulley, shi ma sau ɗaya, da muka tsaya sallah. Yana alwala ya ce, “Shekara ashirin a harkar shari'a, ba ka koyi cewa mai laifi ba ya gayyato shaidu ba?”

A gida Memuna ta saurari labarin daga bakin wanta har ƙarshe. Ta ce mini, “Malam, ka saci shekara guda a rayuwar 'yarka, sannan ka sa ta zaci ita ce ba ta isa ba. Na farkon ma da sauƙi.” Na buɗe baki zan ce don alherinta na yi. Ta ce, “Kada ka soma.”

Shekarar nan Rahinatu ta yi ta a gindin tukunyar koko, tana zuba wa yaran da suka biyo bayanta a makaranta. Ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Kullum ta ajiye mini kwano ta ce, “Baba, ga abinci,” ta juya. Na ba ta haƙuri, ta ce ba komai. Na fi wata shida ina jin wannan ba komai ɗin a ƙirjina. Da lokaci ya zagayo, a gidan kawunta Yaya Sulley da ke unguwar Alajo ta cika sabon fom. Ban san an saya ba, ban san an tura ba. A bakin Malam Bawa na ji cewa 'yata ta samu safiyo.

Ranar bikin gama jami'arta, kowane ɗalibi kati biyu ake ba shi na shiga zauren taro. Ta ba uwarta ɗaya, ta ba Yaya Sulley ɗaya. Ni a waje na tsaya, ƙarƙashin rumfa, cikin masu sayar da ruwa da masu hoto, a lasifika na ji an kira sunanta, da sunana a bayansa. Na fusata, ba zan ɓoye ba. Na yi ta neman wanda zan ɗora wa laifi har aka tashi daga taron, ban samu ba. Da ta fito ta neme ni cikin jama'a, ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, “Baba, ka gaji da tsayuwa ko?” Na ce a'a. Ba ta ce kome game da katin ba, ni ma ban tambaya ba, don na san amsar.

Yanzu tana aikinta, tana dawowa da jar ƙasa a takalmi tana dariya. Ko tana samun abin da lauya ke samu ban sani ba, ba ta faɗa mini, ni kuma na daina tambayar albashin mutane. In wani uba ya zo majalisa yana cewa ya riga ya yanke abin da ɗansa zai karanta, kowa sai ya juyo ya dube ni. Ni kuma in ce masa ya je ya tambayi yaron, sannan ya tambayi wanda ya san harkar. In kuma ya ƙi, ya ce lallai sai ya yi irin tawa, to aƙalla ranar da zai je neman dalili ya tafi shi kaɗai, kuma kada ya sa babbar riga.