Motar Yumɓu da Jatan Landen Kirsimeti

Wani ne muka yi aiki tare a wani ƙaramin kamfani a Dandenong, inda muke ƙera irin motocin nan masu gudun bala'i, waɗanda attajirai ke saya su rufe a gareji. Direban kamfani ne, je-ka-kawo. Takardar gargaɗi biyu yake da ita, ta uku kora ce. Matarsa Raelene kuwa ta riga ta gaya masa duk ranar da aka kore shi, ya wuce rumfar da ke bayan gidansu ya kwana da injin yankan ciyawa.

Mai zana mana motoci wani ne Fabrizio Tessaro, an ɗauko shi takanas daga Turin. Ko a banɗaki ba ya cire baƙin gilashi. Shekara uku yana sassaƙa ƙaramin samfurin sabuwar motarmu da yumɓu, in ka yi tari kusa da ita sai ya yi kwana biyu ba ya amsa gaisuwarka.

Ana saura kwana biyu Kirsimeti aka ce a kai samfurin zauren iska can bayan Geelong, inda ƙatuwar fanka za ta hura shi a ga yadda iska ke bin jikinsa. Injiniyarmu Narelle ta kira mutumin naku.

"Buɗe kunnenka, mutumina. Motar nan kashi ɗaya cikin huɗu ce na ta gaske. Duk abin da ke jikinta, a babbar sai an ninka shi sau huɗu."

"Komai da komai?"

"Komai da komai. Kuma yumɓun da kakin zuma aka kwaɓa shi, ba ya shiri da zafi. Ga akwatinta mai ƙanƙara. Ko gobara ce kada ka buɗe."

"Haba Narelle, kamar ba ni ba?"

"Ai don kai ne nake maimaitawa."

Ya ɗora akwati a bayan a-kori-kura, ya kama hanya. Zafi ran nan ya kai digiri arba'in da uku, don a can Kirsimeti tsakiyar bazara yake faɗowa. Bai yi nisa ba Raelene ta bugo waya.

"Ka sayo jatan landen?"

"Ina bakin aiki fa."

"Kilo takwas. 'Yan'uwana na zuwa. In ka dawo ba shi, ka san ɗakinka."

Ya ratse kasuwa ya saya. Sai ya tsaya yana duban jatan lande, yana duban akwati. Ya ce a ransa, jatan lande yana ruɓewa, ita kuwa ƙasa wa ya taɓa jin ta ruɓe? Ya fiddo mota, ya zuba jatan lande a gadonta, ya ɗaure ta da igiya a fili, rana tsaka. Lissafinsa bai da laifi, in ban da cewa shi ya yi shi.

Ya take totur. Kafin ya wuce Werribee motar ta yi laushi, iskar hanya tana ta shafe ta. Hancin ya kwanta, madubai suka lanƙwashe. Da ya bar babban titi kuma, sai ga wani jibgegen kangaru, dabbar nan mai tsalle, da zafi ya ruɗa ya faɗo hanya. Mutumin ya taka birki. Kangaru ya yi tsalle ɗaya, bai dira ko'ina ba sai bayan a-kori-kura, ya zauna daɓas a gindin motar Tessaro.

"Kai! Sauka! Aikin shekara uku ne, ɗan banza!"

Kangaru ya dube shi. Mutumin ya matsa kusa da hula a hannu yana kora, kangaru ya sakar masa ƙafa a ƙirji, sai ga shi zaune a kwata. Sannan kangarun ya sauka a tsanake ya shige daji. Ya bar rami biyu na sawunsa a gefe da gefe, da dogon kwari a tsakiya inda jelarsa ta kwanta. Mutumin ya tofa yawu a tafi, ya shasshafe abin da zai shafu da hannuwan da suka sha jatan lande, yana cewa, "Shi ke nan, ni da injin ciyawa."

Da aka isa zauren iska Tessaro ya ga motar, sai ya jingina da bango kamar zai sume. Narelle ta tsinci wani gashi ja a jikin yumɓun, ta ɗaga shi, ta dubi mutumin. Kafin wani ya yi magana sai ga mai kamfani, Mista Pappas, da attajirai uku daga Perth da suka zo ganin motar da za su saya.

"Me ake jira? Ku kunna mana!" in ji Mista Pappas.

Ba yadda aka iya. Aka kafa mota, fanka ta tashi, aka saki hayaƙin da ke nuna hanyar iska. Mutumin ya rufe ido. Hayaƙi ya kwanta luf a hanci, ya bi kwarin jela, ya faɗa ramukan sawu, ya fita ta baya sumul. Narelle ta dubi na'ura, ta bubbuga ta, ta kashe ta sake kunnawa.

"Oga, ban taɓa ganin irin wannan ba. Tana ratsa iska fiye da duk abin da muka taɓa gwadawa. Kuma iskar na danne bayanta ƙasa, ba ta ko motsi."

Nan take Tessaro ya warke. Ya cire gilashi, ranar muka fara ganin idonsa.

"Madalla! Abin da nake nufi ke nan tun farko. Wannan kwarin da kuke gani, kwarin ƙauyen kakata ne. Wata shida ina kuka kafin hannuna ya yarda ya fitar da shi."

"Ramukan nan biyu fa?" in ji wani attajiri.

"Kumatun mace ne idan ta yi murmushi."

Attajirin ya ja hanci. "Ni fa ƙarni nake ji."

"Teku ne, ranka ya daɗe. Motar daga teku ta samo ruhinta."

Suka hau tafi, ɗaya har da share hawaye. Wallahi ni kunya ta kama, na koma bayan fanka. Mista Pappas ya rungume Tessaro, sannan ya juyo kan mutumin, ya dafa kafaɗarsa.

"Kai kuma, yau ka fita kunya. Takardun gargaɗinka na yaga su. Bayan hutu za mu yi babbar, komai sak irin wannan. Yadda aka yi ƙaramar haka za a yi ta, kuma kai za ka ɗauko ta."

Mutumin ya dubi ramukan sawun. Ya ƙirga yatsu huɗu, ya shafa ƙirjinsa. Sai ya zaro makullin a-kori-kura ya ajiye a gaban Mista Pappas.

"Oga, na bar aiki."

"Ka haukace? Yanzu fa na yafe maka! Raelene fa?"

"Gara Raelene. Ƙaramin kangarun da ya zauna wa wannan ma saura kaɗan ya karya mini haƙarƙari. Mai girmansa sau huɗu kuwa, sai dai Tessaro ya je ya tare shi da kansa, tunda ɗan ƙauyen kakarsa ne."