Katifar Iska Da Na Shanya A Fayyum

Ni mai jikoki uku, wa zai koya mini sha'anin katifa? Da 'yan ajinmu na Larabci suka shirya kwana a hamadar Fayyum, na zagaye shagunan unguwar Hayyin Ashir har na samo katifar iska, ba ta fi gyale nauyi ba. Murna kamar in taka rawa! Muna sauka na hura ta tam, na shanya ta a rana kamar kowace macen kirki.

"Hajiya, zafi zai fasa ta fa," in ji Sakina, ƙawata.

"Ke, ranar Sakkwato ma ba ta fasa mini komai ba."

Muna shan shayi muka ji fam! Direban motarmu ya ruga duba tayoyinsa. A kan tsakuwa na kwana. Har yau in taya ta fashe a titi, sai 'yan ajinmu su ce, "Ma'alish, ba komai, Hajiya ce ta yi shanya."