Jikan Maharbi da Bindigar Toka

Abubuwa da yawa sun same ni a ƙasar nan sun wuce, amma akwai wata Asabar da ba na jin zan taɓa mantawa da ita: ranar da na tsaya a gaban surukina da wasu dattawan Turawa, riƙe da bindigar toka, ina ɗora wa ruwan saman Ingila laifin da ba nasa ba.

Lokacin ina neman auren Hamdiya. Ni ina Manchester, ina aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti, ina haya a unguwar Withington. Ita kuma tana gidansu a Birmingham. Iyayenta Hausawan Gana ne. Mahaifinta, Baba Isiyaka, tsohon direban bas ne da ya yi ritaya, mutum mara yawan magana. Idan ka gaishe shi zai amsa, ya tambayi aiki, ya tambayi mutanen gida, daga nan kuma sai ya bar ka da shirunka.

Zuwana na farko, bayan mun gama gaisawa sai hira ta mutu. Ina zaune a bakin kujera ina neman abin faɗa, sai idona ya kai kan wani hoto a bango: Baba ne tsaye cikin ciyawa, riƙe da doguwar bindiga.

Na ce, "Baba, wannan ai bindigar toka ce."

Sai ya gyara zama. Mutumin da ya yi rabin awa bai haɗa jimla uku ba, ya shiga ba ni labarin yadda yake bin kawunsa farauta a arewacin Gana tun yana saurayi, da yadda ya samu wata ƙungiya ta masu sha'awar tsofaffin bindigogi a nan bayan garin Birmingham, irin waɗanda ake ɗura wa albarushi da dalma ta baki. Ya ce dokar ƙasar nan tana da tsauri a kan irin bindigar da za a harbi dabba da ita, saboda haka su takarda kawai suke harbi da tasu.

Na ga ƙofa ta buɗe, na ce, "Ai ni ma kakana maharbi ne, a can ƙasar Ningi."

Wannan gaskiya ce. Da a nan na tsaya, da yau ba ni da labarin ba ku.

Ya ce, "Kai ma ka taɓa riƙe ta?"

Na ce, "Haba Baba, ai a cikinta muka tashi."

(Ni da aka haifa a birnin Kano, a gidan ma'aikacin gwamnati, ƙauye sai hutun makaranta, shi ma ba kowane hutu ba.)

Daga ranar na samu shiga. Duk zuwan da na yi, maganar farauta ce, ni kuma duk zama sai na ɗan ƙara gishiri. Na ba shi labarin gadar da kakana ya harba, a zuwa na gaba ya zama ina wurin, a na bayansa kuma ni na riƙe masa jaka. Hamdiya, wadda a nan aka haife ta, ta tare ni a bakin ƙofa wata rana ta ce, "Tun yaushe ka zama hunter? Kai da gizo-gizo ya hana ka shiga banɗaki a flat ɗinka?" Na ce mata maganar maza ce. Ta yi mini wani kallo ta koma ciki.

To, ƙungiyar su Baba tana da wata al'ada. Akwai wani mai babbar gona da barewa ke yi wa ɓarna, duk shekara yakan ba su gurbi kaɗan su bi mai kula da dajinsa a rage su, da bindigar zamani wadda doka ta yarda da ita. Masu so sun fi gurbin yawa, sai a rubuta sunaye a jefa ƙuri'a. Wanda sunansa ya fito a ba shi kati, kuma yana iya tafiya da mutum ɗaya. Shekara shida Baba yana saka suna bai dace ba. A shekarar da na shigo rayuwarsu, sai sunansa ya fito.

Shi da kansa ya kira ni a waya, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, "Ɗana, kati ya fito. Da kai za mu."

Na yi godiya. Sai daga baya Hamdiya ta gaya mini cewa tun fil azal da Malam Husaini aka shirya tafiyar, amininsa da suka yi shekaru suna tuƙin bas tare. Malam Husaini ne ma ya ce a ba ni gurbin, wai jikan maharbi ya fi shi cancanta. Duk da haka na riƙe gurbin. Ina ganin idan na janye yanzu, har auren zai iya tafiya da shi.

Kafin ranar tafiya, Baba ya ce in zo filin harbinsu ranar da ake karɓar baƙi, in ɗan motsa hannu, abokansa su gan ni. Kwana huɗu na yi ina kallon bidiyon ɗura bindiga a waya, a cikin bas ta titin Oxford Road, safe da yamma. Na haddace tsarin kamar karatun jarrabawa: albarushi, ƙyalle, dalma, a danna da sanda, a ɗora ɗan murfin tartsatsi mai kunna albarushin, a harba. Na ce ai wanda yake gwada jinin mutane ba zai kasa wannan ba.

Ranar Asabar ɗin ana yayyafi. Filin wata doguwar rumfa ce mai teburori, can nesa kuma an kafa takardu masu da'ira. Ko'ina warin albarushi, kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Mai kula da filin wata dattijuwa ce mai furfura, gajera, da usur a wuya, kowa yana shakkarta. Malam Husaini ma ya zo, da fulas ɗin shayi, wai ya zo ganin hannun jikan maharbi.

Baba ya gabatar da ni ga abokansa da Turancinsa na direbobi, ya ce musu wannan surukinsa ne, a gidan farauta ya tashi, tun yana yaro yake harba irin wannan bindiga. Suka kewaye ni da fara'a. Wani dattijo mai gemu ya tambaye ni irin dalmar da muke amfani da ita a Najeriya. Na ce ya danganta da dabbar. Ya gyaɗa kai kamar na faɗi wata babbar hikima.

Baba ya harba tasa sau biyu, hayaƙi ya turnuƙe, sannan ya goge ta ya miƙo mini. Ya ajiye 'yar kwalba a kan tebur, albarushin harbi ɗaya a aune a ciki, ga ƙyalle, ga dunƙulen dalma. Ya ce, "In nuna maka, ko ka tuna?"

Na ce, "Bar shi kawai, Baba."

Bindigar ta fi yadda na zata nauyi. Ina jin idanu a bayana, ga mai gemun nan yana ta yi mini tambaya a kan namun dajin ƙasarmu, ina amsawa. Na ɗora ƙyalle a bakin bindiga, na sa dalma, na danna da sanda har ƙasa. Na ma ƙara buga ta sau biyu da ƙarfi, yadda na ga wani ya yi a bidiyo. Na ɗora murfin tartsatsi, na kafa bindiga a kafaɗa, na ce bismillahi, na runtse ido (duka biyun, Allah ya yafe mini), na ja kunama.

Tas.

Ƙarar ba ta kai ta ashana ba. Babu hayaƙi, babu komai.

Dattijuwar ta hura usur, ta ce kowa ya tsaya, ni kuma kada in motsa, in bar bakin bindiga yana kallon gaba, don wani lokaci albarushi yakan yi jinkirin kamawa. Haka na tsaya kamar gunki, hannu ya gaji, rumfa ta yi tsit. Da lokaci ya cika ta ce a sake ɗora wani murfin. Na sake ja. Tas.

A nan ne ya kamata in yi shiru. Maimakon haka sai na juyo da kaina, na ce da ƙarfi, da Turanci don kowa ya ji, wai albarushin ƙasar nan ne ya sha sanyi. Na ce a wurinmu rana tana busar da shi, ba ya taɓa yin haka. Har na nuna sama da haɓa, ina nufin yayyafin.

Dattijuwar ta miƙa hannu kan teburina, ta ɗago 'yar kwalbar nan, ta ɗaga ta sama inda haske yake. A cike take, ko murfinta ban buɗe ba. Ta girgiza ta a hankali, ta tambaye ni cikin ladabi ko wannan ne albarushin da ya sha sanyin.

Da sun yi dariya da ya fi mini sauƙi. Ba su yi ba. Mai gemu ya shiga duba agogonsa, wani ya ce ai kowa yakan yi haka sau ɗaya. Malam Husaini ya duƙa yana ta fama da murfin fulas wanda na ga a buɗe yake. Aka kawo wata sanda mai baki kamar sukuru, aka murɗa ta cikin dalmar, mutum biyu suka yi ta ja, saboda na danne ta da kyau. Duk filin aka dakatar da harbi har aka fitar da ita. Dattijuwar ta miƙo mini dalmar da rami a tsakiyarta, ta ce in ajiye.

A mota, Baba yana tuƙi, ni kuwa na rasa inda zan sa idona. Can na ce, "Baba, ƙarya na yi maka. Kakana maharbi ne, amma ni ban taɓa riƙe bindiga ba sai yau. Sau ɗaya na ji ya harba ta, don korar birai daga gona, kuma bayan rumbu aka same ni ina kuka."

Ya ce, "Na sani."

Na ce, "Tun yaushe?"

"Zargi dai tun ranar da ka ce kun harbi gada daga kan babur. Tabbaci kuwa sai yau. Ina kallonka ka tsallake albarushi. Da abin haɗari ne da na riƙe hannunka. Na bar ka ne in ga me za ka ce."

Na ce, "Kuma na ce ruwan sama ne."

"Ka ce ruwan sama ne."

Da muka wuce wani shatale-tale, sai ya ce, "Rashin iyawa ba komai ba ne, ɗana, ni ma koya mini aka yi. Amma takarda ba ta jin zafi. Barewa tana ji. Wanda ya ce ya iya alhali bai iya ba, shi ne yake samunta a ciki ko a ƙafa, ta gudu da harsashi, ta yi kwanaki a daji tana mutuwa. Na taɓa yin haka ina saurayi, don kada kawuna ya ce ni matsoraci ne. Kwana biyu muna bin jininta ba mu same ta ba." Ya ɗan dube ni. "'Yata zan ba ka. Ranar da ba ka san abu ba, ina so ta ji daga bakinka."

Abin da na iya kawai shi ne na roƙe shi ya mayar wa Malam Husaini gurbinsa, kuma da muka isa gida na je na ba Malam haƙuri da kaina. Ya ce ba komai, shi dai ya sha kallo kyauta.

Su biyu suka tafi. Sun ga barewa har uku, amma Baba bai harba ba, ya ce babu wadda ta tsaya masa yadda zai tabbatar da harbi ɗaya ya isa. Shekara shida yana jira, ya dawo hannu wofi, kuma ban taɓa ganinsa cikin nishaɗi kamar ranar ba. An ɗaura aurenmu bayan wata biyar.

Tun daga lokacin na koyi cewa "ban iya ba", kuma na gano ba ta kashe mutum. Na faɗe ta a wurin aiki, na faɗe ta a gaban likitoci, ba wanda ya kore ni. Matsalar kawai ita ce ta yi mini daɗi a baki fiye da kima. Jiya Hamdiya ta ce in haɗa gadon jariri da muka sayo, na ce mata gaskiya ban iya ba. Ta miƙo mini takardar bayani da sukudireba ta ce, "Wannan ba barewa ba ce, Malam. Zauna ka koya."